Me ya sa balan-balan ɗin Sallah ke tashi sama, wanda aka hura da baki kuma ya faɗo ƙasa?

Baban Yara ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana kimiyya da ke wannan zaure a kan wata tambaya da 'yata mai shekara 9 ta yi mini, na kasa gamsar da ita. Ranar hawan Sallah na saya mata balan-balan na roba wajen wani mai talla, irin wanda ake ɗaure wa zare yana lilo a sama. Da muka dawo gida zaren ya kufce mata, balan-balan ɗin ya tafi ya manne a silin ɗin falo. Ƙaninta ya ɗauko wani da ba a hura ba, ya yi ta hurawa da baki har ya kai girman na yayarsa, amma da ya sake shi sai ya gangaro ƙasa ya tsaya a gindin kujera.

Na ce mata iskar da ke cikin nata ba ta da nauyi, shi ya sa ya tashi. Sai ta ce ai gashin kaza ma ba shi da nauyi, amma idan aka sake shi ƙasa yake zuwa, to shi wannan wane ne yake tura shi sama? Washegari da safe kuma muka tarar da nata ya motse ya sauko ƙasa, alhali ƙullin bakinsa bai kwance ba. Ina roƙon a yi mini bayanin da zan fahimta ni da kaina, sannan in iya mayar mata da shi.

Ɗalibin Kwaleji ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Baba. Abin da aka koya mana shi ne, na mai talla an cika shi da iskar hiliyam, wadda ba ta da nauyi ko kaɗan, don haka ƙasa ba ta iya janyo ta. Shi kuwa wanda aka hura da baki, numfashin da mutum ke fitarwa iskar kabon ce, ita kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi ya sa yake faɗowa. Allah ya sa na taimaka.

Malamar Fizis ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa wannan yarinya albarka, domin tambayar da ta yi ita ce ainihin tambayar da ya kamata a yi. Kafin in amsa, zan ɗan gyara wa ƙanena ɗalibi abu biyu. Hiliyam tana da nauyi, kuma ƙasa tana janyo ta kamar yadda take janyo dutse, sai dai nauyin nata kaɗan ne. Numfashin da muke fitarwa kuma ba iskar kabon ce zalla ba, abin da ke cikinsa na kabon bai wuce kashi 4 zuwa 5 cikin 100 ba, saura duk iska ce irin ta ɗaki da ɗan tururin ruwa. Ko da famfon keke aka hura balan-balan ɗin, ƙasa zai zo.

Tushen maganar shi ne ita iskar da muke zaune a cikinta tana da nauyi, kuma nauyin ya fi yadda mutane ke zato. Tankin ruwa mai cin lita 1,000, irin wanda ake ɗorawa a kan gini, idan muka ce babu komai a cikinsa, to akwai iska da ta kai kimanin kilo 1.2. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 4, da bisan mita 3, yana ɗauke da iskar da ta haura kilo 50, wato ta fi buhun siminti. Wannan iska jibge take, wata a kan wata, tun daga doron ƙasa har kilomitoci masu yawa a sama, kuma kamar buhunan da aka jera a sito, na ƙasa shi yake ɗaukar nauyin duk waɗanda ke bisansa. Saboda haka iskar da ke ƙasa ta fi matsuwa, ta kuma fi danna duk abin da ta taɓa, ta kowace fuska: daga sama, daga gefe, har daga ƙasa zuwa sama.

A nan amsar yarinya take. Mu ɗauki akwati mai mita 1 ta kowane gefe, mu rataye shi a tsakiyar iska. Dannawar da iska ke yi masa daga dama da hagu daidai take, don haka tana kashe juna. Daga sama iska tana danna murfinsa da ƙarfin da ya kai nauyin kimanin tan 10. Daga ƙasa ma tana tura gindinsa sama da kimanin tan 10, amma da yake gindin ya fi murfin zurfi a cikin iska da mita 1, turin ƙasa ya ɗara na sama da kilo 1.2. Wannan ɗan rarar ita ce hannun da ke ɗaga abu. Za ka lura cewa kilo 1.2 shi ne daidai nauyin iskar da za ta cika gurbin da akwatin ya tare. Wannan ita ce ƙa'idar da Arkimidis, masanin Girka da ya rayu a birnin Sirakus a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya bayyana game da ruwa: duk abin da aka tsoma a ruwa, ruwan zai tallafe shi da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Masuntan Argungu da ke kwanciya a kan gora suna aiki da ita, kuma abin da ruwa ke yi wa gora shi iska ke yi wa balan-balan, illa dai ruwa ya fi iska nauyi sau 800 da ɗoriya, shi ya sa tallafinsa ya fi fitowa fili.

Yanzu mu auna balan-balan biyun. Wanda faɗinsa ya kai santimita 30 yana cin kimanin lita 14, ya ture iskar da nauyinta ya kai giram 17, don haka kowannensu yana samun turi sama na giram 17, babu bambanci. Na yarinya yana da hiliyam da ba ta kai giram 3 ba, robarsa kuma kamar giram 3, jimilla bai wuce giram 6 ba, turin ya rinjayi nauyinsa da fiye da giram 10, sai ya tashi. Na ƙaninta yana ɗauke da iska giram 17 a ciki, ga robar giram 3 a kai, nauyinsa ya rinjayi turin da giram 3, sai ya sauko, amma a hankali, domin iska ta riga ta ɗauke masa mafi yawan nauyinsa. Shi ma gashin kaza iska tana tura shi sama, sai dai gurbin da ya tare ƙanƙane ne ƙwarai, turin bai kai nauyinsa ba.

Saukowar da ya yi washegari kuwa, ƙwayoyin hiliyam ƙanana ne sosai, suna sulalewa ta jikin robar kanta ba sai ta baki ba. Yana motsewa gurbin da ya tare yana raguwa, turin yana raguwa tare da shi, alhali nauyin robar yana nan. Shi ya sa balan-balan mai ƙyalli, wanda aka yi da leda mai rufin alminiyam da hiliyam ba ta ratsawa da sauƙi, yake yin kwanaki bai sauko ba.

Baban Yara ya rubuta:

Malama, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Lissafin giram 17 ya zauna mini daram. Amma bayaninki ya haifar mini da wasu tambayoyi. Idan har iska tana danna kowane mita guda da tan 10, yaya aka yi ba ta murƙushe mu ba, ba ma ko jin ta? Sannan da a ce babu silin, ina balan-balan ɗin zai tsaya, ko tafiya zai yi ta yi har ya fita daga duniya?

Injiniyan Ruwa ya rubuta:

Malam, bari in karɓi wannan ɓangare, tunda aikina na famfuna da bututu kullum a kan matsin iska yake tafiya. Ba ma jin dannawar ne domin ba daga waje kaɗai take ba. Akwai iska a huhunmu da cikin kunnuwanmu mai matsi daidai da na waje, sauran jikinmu kuma galibinsa ruwa ne, wanda ba ya matsuwa da sauƙi. Ba a gane ƙarfin iska sai an janye ta daga gefe ɗaya. Ka tuna yadda wanzami ke kafa ƙaho: ya ɗora shi a baya, ya zuƙe iskar ciki ta ƙaramar kafar da ke tsininsa, ya toshe, sai ƙahon ya kama fata gam, naman wurin ya kumburo zuwa ciki. Babu abin da ke jan fatar daga cikin ƙahon. Iskar waje ce ke danna ƙahon a jiki, matsin cikin jiki kuma yana tura fata da jini zuwa inda matsi ya ragu. Da an buɗe kafar iska ta shiga, sai ƙahon ya saki. A tsakiyar ƙarni na 17 wani Bajamushe, Otto von Guericke, magajin garin Magdeburg, ya nuna irin wannan a gaban jama'a da wasu ƙore biyu na tagulla da ya kifa wa juna ya zuƙe iskar ciki, aka ɗaura dawakai ta kowane ɓangare suka ja, suka kasa raba su.

Wanda ya fara auna wannan matsi shi ne Torricelli, almajirin Galileo, a ƙasar Italiya a 1643. Abin da ya dami mutanen zamaninsa shi ne famfon zuƙo ruwa ba ya iya ɗaga ruwa fiye da kimanin mita 10, komai ƙarfin mai bugawa, kuma har yau haka abin yake, shi ya sa a rijiyar burtsatse mai zurfi muke zura famfon can ƙasa ya turo ruwan sama. Torricelli ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya kifa bakinsa a cikin kwano mai zaiba, sai zaibar ta sauko ta tsaya a tsawon santimita 76, ta bar sarari a samanta da babu komai. Ya ce nauyin iskar da ke danna kwanon ne ke riƙe da ita, kuma da yake zaiba ta fi ruwa nauyi sau 13.6, santimita 76 nata daidai yake da mita 10 da ɗan kai na ruwa. A 1648 Blaise Pascal na Faransa ya sa surukinsa, Florin Périer, ya hau dutsen Puy de Dôme da irin wannan bututu, aka ga zaibar ta ragu da kimanin santimita 8 a ƙololuwa. Wannan ne ya tabbatar cewa matsin yana raguwa gwargwadon hawa. Duk wanda ya taɓa hawa tudun Jos a mota ya ji kunnensa ya toshe sannan ya buɗe, ya ɗanɗana abin da kansa. A Jos, mai bisan kimanin mita 1,200, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100. A bisan mita 5,500 matsin ya koma rabi, a ƙololuwar Everest kuma kusan kashi ɗaya cikin uku.

Game da inda balan-balan zai tsaya, ba ya fita daga duniya. Yana hawa matsin waje yana raguwa, hiliyam ɗin ciki tana buɗewa, kamar yadda Robert Boyle ya nuna a 1662 cewa idan matsi ya ragu da rabi, gurbin da iska ke ci yakan ninka, muddin zafi bai canja ba. Na roba yakan yi ta kumbura har ya fashe. Haka balan-balan ɗin masu hasashen yanayi yake yi: ana sakin sa daga tashoshi da yawa a duniya sau biyu a rana, ɗauke da ƙaramar na'urar auna zafi da matsi da laima, yana barin ƙasa da faɗin da bai wuce mita 2 ba, ya kumbura ninkin-ba-ninkin, ya fashe a wajen kilomita 30, na'urar ta sauko da 'yar lema. Wanda jikinsa ba ya miƙewa kuwa yakan hau har inda iskar waje ta yi shara-shara, nauyin wadda ya ture ya yi daidai da nasa, sai ya tsaya yana yawo a nan.

Akwai abin da nake so iyaye su kula da shi. Ba kowane balan-balan mai tashi ne ke ɗauke da hiliyam ba. Hiliyam tana da tsada, iskar haidirojin kuwa ana iya haɗa ta da araha, ta ma fi ɗagawa da kimanin kashi 8 cikin 100, amma tana kama wuta nan take. Da ita Jacques Charles ya tashi balan-balan ɗinsa a Faris a watan Agusta na 1783, kuma ita ce ta ƙone Hindenburg, ƙaton jirgin balan-balan na Jamus, a Lakehurst ta Amurka ranar 6 ga Mayu, 1937, mutum 36 suka rasu. Da ido ba a bambanta su, don haka kada a bar yaro ya kusanci murhu, kyandir ko garwashin turare da balan-balan ɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Jikan Mai Haƙar Rijiya ya rubuta:

Na karanta bayanin Malama da na Injiniya, sai na tuna da kakana, Allah ya jiƙansa, wanda sana'arsa haƙa da yasar rijiya ce. Ba ya taɓa shiga tsohuwar rijiya sai ya fara zura fitilar aci-bal-bal a cikin guga, yana sassauta igiya sannu a hankali yana leƙawa. Idan harshen wutar ya ƙanƙance ya mutu kafin gugan ya kai ruwa, ranar babu mai shiga, sai a yi ta zura ganye ko tabarma ana ja sama da ƙasa har iskar ta sauya. Yanzu na gane cewa ɗaya fuskar wannan magana ce: iskar da ta fi ta sarari sauƙi takan tashi, wadda ta fi ta nauyi kuma takan kwanta a rami kamar ruwa. Iskar kabon ta fi iskar da muke shaƙa nauyi sau ɗaya da rabi, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma inda ta taru wuta ba ta ci, mutum ba ya rayuwa.

Maƙwabtanmu na Kamaru sun ga mafi munin wannan. A daren 21 ga Agusta, 1986, tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin ƙasar ya amayar da iskar kabon mai ɗimbin yawa da ta daɗe narke a ƙarƙashin ruwansa. Iskar ba ta tashi sama ba, gangarowa ta yi ta bi kwaruruka ta shiga ƙauyuka mutane suna barci, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi kimanin 3,500. Daga 2001 aka fara kafa bututu a tafkin domin fitar da iskar kaɗan-kaɗan.

Gas ɗin girki na tukunya shi ma ya fi iska nauyi. Idan ya yi yoyo, a ƙasan kicin yake taruwa, don haka buɗe tagar sama kaɗai ba ta wadatarwa. A rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa, kada a kunna ashana, kada kuma a taɓa makunnin lantarki har sai warin ya gushe.

Malamar Fizis ta rubuta:

Allah ya jiƙan kaka, abin da yake yi gwaji ne na kimiyya cikakke, ko da yake a yau ana son a haɗa da na'urar gwada iska, domin akwai iskar da fitila ba ta tona ta, akwai kuma wadda ita kanta wuta take kamawa. Dalilin bambancin nauyin nan shi ne, a zafi ɗaya da matsi ɗaya, lita guda ta kowace irin iska tana ɗauke da adadin ƙwayoyi iri ɗaya, kamar yadda masanin Italiya Avogadro ya faɗa a 1811, don haka nauyin ƙwaya guda shi ke yanke hukunci. Idan nauyin ƙwayar haidirojin 2 ne, na hiliyam 4 ne, tururin ruwa 18, iskar sarari 29, kabon 44, gas ɗin girki kuma tsakanin 44 da 58. Daga nan za a ga cewa iska mai laima ta damina ta fi busasshiya sauƙi idan zafinsu ɗaya, abin da ɗalibaina kan yi gardama a kai kowace shekara sai mun yi lissafin a allo.

Zafi ma yana rage nauyin iska, domin yana buɗa ta. Iskar da aka ɗumama zuwa digiri 100, lita 1,000 nata bai kai kilo 1 ba, don haka kowace lita 1,000 tana ɗaga kimanin giram 250 kacal, kwatankwacin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da hiliyam ke ɗagawa. Shi ya sa balan-balan mai wuta, wanda ake ɗumama iskar cikinsa, yake da girman gidan bene kafin ya ɗauki mutum huɗu, kuma shi ya sa ake tashinsa da sassafe lokacin da iskar waje take da sanyi da nauyi. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Montgolfier da suka fara shi a Faransa sun ɗauka hayaƙi ne ke ɗagawa, har suna ƙona ciyawa da ulu domin hayaƙin ya yi kauri. Duk da kuskuren fahimtar, abin ya yi aiki: a watan Satumba na 1783 suka tashi tunkiya da agwagwa da zakara a Versailles, ranar 21 ga Nuwamba kuma mutum biyu suka yi shawagi a saman Faris na kimanin minti 25.

Malam, ga gwajin da zai nuna wa yarinya cewa iska ce ke yin turin. Ka sayi wani balan-balan mai tashi, ku shiga mota, a rufe gilasai, a kashe fanka, ta riƙe zaren ta yadda bai taɓa rufi ba. Kafin direba ya ja motar, ka tambaye ta ina take zaton zai karkata.

Baban Yara ya rubuta:

Mun yi gwajin jiya da yamma a wani fili da babu zirga-zirga, ƙanina yana tuƙi, ni da yaran muna baya. Dukkanmu mun ce baya zai yi. Da motar ta zabura, mu muka jingina da kujera, shi kuwa balan-balan ɗin ya karkata gaba wajen direba, da aka taka birki kuma muka yi gaba, shi ya dawo baya har ya taɓa goshin ƙaramin. Mun maimaita sau huɗu, bai saɓa ba. Yarinyar ta yi shiru, can ta ce ashe iskar cikin motar ma baya take tafiya tare da mu, ta taru a can ta turo shi gaba. Malama, ina fatan ta faɗi daidai. Yanzu kuma ta ce in tambaye ki abin da zai faru da shi idan motar ta sha kwana.